Ka Zaunar da Yaronka Ka Ba Shi Labarin Super Eagles

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin ƙasar mutane? Allah Ya sa mu ji alheri.

Saƙonka ya iso, kuma maganar yaronka ta tsaya mini a rai, wai Super Eagles ba ta taɓa tsinana komai ba. Ban ga laifinsa ba. Ya buɗi ido ne ya tarar Ghana ta hana mu zuwa gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022, a filinmu na Abuja kuwa. Amma kai da ka ga jiya, don Allah ka zaunar da shi.

Ka fara masa da 1980 a Legas, lokacin ana ce musu Green Eagles, da suka lallasa Aljeriya da ci 3-0 suka ɗauki kofin Afirka karon farko. Ni dai inda zuciyata take shi ne 1994. A Tunisiya muka doke Zambiya 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka, Amuneke ya ci duka biyun, muna murna muna tausayinsu, don shekara ɗaya ke nan da hatsarin jirgin da ya hallaka 'yan wasansu. Bayan wata biyu sai gasar cin kofin duniya a Amurka. Nemo masa bidiyon ƙwallon Rashidi Yekini a ragar Bulgeriya, ya ga yadda ya bi ta har ciki, ya zura hannuwa cikin zaren ragar, yana jijjiga ta yana ihu. Ita ce ƙwallonmu ta farko a gasar cin kofin duniya, kuma haifaffen Kaduna ne ya ci ta. Wasan Italiya kuwa har yau ban huce ba: muna gaba, su goma ne a fili, saura minti biyu a tashi, Baggio ya farke, ya ƙara da fanareti a ƙarin lokaci.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru a 1996. Gwamnatin Abacha ta hana su zuwa Afirka ta Kudu kare kofinsu saboda rigimar kisan Ken Saro-Wiwa, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, kuma ta hana mu shiga gasar 1998. Gasa biyu a banza, alhali yaran na kan ganiyarsu! Shaida ita ce, a shekarar ce su Kanu, Okocha, Amokachi da Tijani Babangida suka doke Brazil 4-3 da Ajantina 3-2 suka ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta. Wallahi ina ganin da an bar su, da kofunanmu sun wuce uku.

Sai da muka yi shekara 19 muna jira kafin marigayi Keshi, wanda ya ɗaga kofin yana kyaftin, ya dawo da shi yana koci a 2013. Sunday Mba, ɗan wasan gida da wasu suka raina, shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe.

Ka rubuto mini abin da yaron ya ce. A gaida maman yara da kyau.

Naka har kullum,
Amininka