Rahoton Ayyukan Shekara: Na'urar Buga Ganga da Solinoyid

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Aikin da ya fi cin lokacin ƙungiya bana shi ne na'urar da ke buga ganguna da ƙararrawa a gaban 'yan kallo. Allon Arduino Uno, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, shi ke ba da umarni, solinoyid kuma ya yi bugun, wato naɗin wayar nan da ke cilla sandar ƙarfe da zarar wuta ta ratsa shi.

Haɗin wuta bai wahalar da mu ba. Ƙafar Arduino, wato inda ake jona waya a jikin allon, volt 5 take bayarwa, kuma ba a son a ja fiye da miliamfa 20 daga gare ta, alhali namu solinoyid ɗin na volt 12 ne. Sai muka ba kowanne MOSFET nasa, IRLZ44N, wato makunnin da allon ke kunna babbar wuta da shi, da dayod 1N4007 mai shanye wutar da naɗin ke maidowa idan an katse shi.

Lokaci ne ya ba mu ruwa. Saƙon MIDI, wato umarnin kiɗa da kwamfuta ko kayan kiɗa mai maɓallai ke aika wa allon, yana gudu da bit 31,250 a sakan, don haka umarnin bugu ɗaya kusan milisakan ɗaya kawai yake ci, ba daga nan jinkirin yake ba. Sandar ce ke da tafiya kafin ta taɓa fata, kuma bugu mai laushi ya fi mai ƙarfi daɗewa a hanya. Makaɗanmu sun ji haka tun kafin mu ɗauko abin awo. Cewa suka yi gangar tana jan ƙafa. Idan kwamfuta ce ke aiko da kiɗan da aka riga aka tsara, maganin mai sauƙi ne: a auna jinkirin kowane solinoyid, a tura bugu mai laushi da wuri. Amma idan mutum ne ke danna maɓalli nan take, allo ba ya duba, bai san abin da zai zo ba. A nan muka matso da sandar kusa da fata, muka kuma rage tazarar da ke tsakanin bugu mai laushi da mai ƙarfi. Wasu mambobi sun ce an rage wa kiɗan armashi. Kwamiti na ganin gara haka da ganga ta riƙa zuwa a makare.

Mun kuma sa allon ya riƙa katse wuta da kansa bayan kowane bugu, ko saƙon MIDI na sakin maɓalli bai iso ba, don kada naɗin ya yi zafi ya ƙone.

Baɗi za mu gwada ƙara dayod na Zener, wani nau'in dayod da zai sa wutar naɗin ta mutu da wuri, don sandar ta riƙa komawa da sauri a kiɗa mai gudu. Masu son shiga aikin su ba sakatare sunayensu a taro na gaba.