Albasa ta fi mutum yawan DNA, gaiwa ta fi su duka

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu gyara wata magana da ta zama ruwan dare a ajujuwan ilimin halittu da shirye-shiryen kimiyya na rediyo. Sai ka ji ana cewa wai gwargwadon sarƙaƙiyar halitta gwargwadon yawan DNA ɗinta, don haka mutum ne ke kan gaba. Maganar tana da daɗin ji, amma awo ya ƙaryata ta fiye da shekara 50 da suka wuce.

DNA rubutu ne mai harufa huɗu kacal, A, T, G da C. Cikakken kwafi ɗaya na wannan rubutu shi muke kira kundin gado. Na mutum yana da harufa wajen biliyan 3.1. Na albasar da ake yankawa a miya wajen biliyan 16 ne, ya ninka na mai yankan sau biyar. Gaiwa kuwa, wadda ke naɗe kanta cikin laka ta kwana rani a fadamunmu da bakin Tafkin Chadi, da aka karanta kundinta a 2021 an samu harufa wajen biliyan 40. A 2024 masana daga lambun Kew na Ingila da abokan aikinsu na Basalona suka auna wani ɗan tsiro marar fure na tsibirin Sabuwar Kaledoniya, Tmesipteris oblanceolata, suka samu biliyan 160. Tsiron bai fi tsawon taƙi ba. A ɗaya gefen, kifin fugu na Japan, ɗan uwan talibambam, harufansa miliyan 400 ne, alhali yawan ƙwayoyin gadonsa, wato sassan rubutun da kowannensu ke ɗauke da umarnin wani aiki a jiki, ya yi kusa da namu.

Wanda ya ce ai waɗannan halittu sun yi nisa da juna, to ya dubi sauro biyu. Anofilis mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro kundinsa bai kai miliyan 300 ba. Edis mai yaɗa shawara da dengi nasa ya kai biliyan 1.3. Ƙafa shida, fiffike biyu, duk aikin cizo ɗaya. Haka dawa da masara, dangin juna ne na kusa: dawa miliyan 730, masara biliyan 2.3.

A ƙwayoyin bakteriya kam maganar tana da gaskiya, domin kundinsu a cunkushe yake, kusan kowane harafi dubu ɗaya akwai ƙwayar gado guda. Bakteriyan nan E. coli yana da harufa miliyan 4.6 da ƙwayoyin gado fiye da 4,000. Daga nan kuskuren ya samo asali, aka ɗauki dokar bakteriya aka ɗora wa tsirrai da dabbobi. A jikin mutum abin da ke rubuta furotin, wato sinadaran da ke gina jiki da gudanar da ayyukansa, bai kai kashi 2 cikin 100 na kundin ba. Ƙwayoyin gadon namu masu wannan aiki wajen 20,000 ne, kusan daidai da na wata tsutsa mai tsawon milimita ɗaya, C. elegans, wadda ƙwayoyin tantanin jikinta, wato ƙananan tubalan da suka gina jikin, 959 ne ƙidaye.

To me ya cika sauran wurin? Mafi yawa wasu guntaye ne masu kwafar kansu su liƙa kwafin a wani wuri cikin kundin, mu kira su 'yan tsalle. Masaniyar ilimin gado Barbara McClintock ce ta gano su a cikin masara a shekarun 1940, aka daɗe ba a ɗauki maganarta da nauyi ba, sai a 1983 ta karɓi kyautar Nobel. Kashi 85 cikin 100 na kundin masara su ne. A mutum sun kusa rabi. Iri ɗaya kawai, mai suna Alu, tsawonsa harufa 300, ya kwafi kansa fiye da sau miliyan ɗaya. Kamar ƙaiƙayi ne a rumbu, yana cin wuri ba ya ƙara tuwo. Hanya ta biyu ita ce ninkuwar kundin ɗungurungum. Alkamar burodi ta haɗa kundin ciyayi uku, shi ya sa take da kuromosom, wato ƙunshin da ake naɗe DNA a ciki, har 42. Albasa ba ta bi wannan hanya ba, nata 16 ne kawai, maimaici ne ya kumbura su. Sannan akwai halittun da ke share tarkacen da sauri, akwai masu bari ya taru.

Kada a ce mun ce duk abin da ba ya rubuta furotin shara ne. Wani ɓangare nasa shi ke kunna ƙwayoyin gado da kashe su, a wane sashe na jiki, a wane lokaci, kuma a nan yawancin sarƙaƙiyar take. Amma duk wanda ya ce kowane harafi yana da aiki, sai ya amsa tambayar da masanin halittu T. Ryan Gregory na Kanada ya yi: me albasa ke yi da ninki biyar na abin da ya ishi mutum?

Abin da girman kundi ke tafiya da shi a zahiri shi ne girman tantani. Kundi babba yana buƙatar cibiya babba (cibiya ita ce ɗakin da DNA ke zaune a cikin tantani), cibiya babba tantani babba, shi kuma yana jinkirin rabuwa. Tsuntsaye, masu ƙona kuzari da sauri, yawancinsu kundinsu bai wuce biliyan 1 zuwa 1.5 ba, jajayen ƙwayoyin jininsu ƙanana. Na gaiwa manya ne ƙwarai idan aka duba a madubin likita.

Yadda ake awon ba shi da wuya, kuskure ne ke da sauƙi. Ana ɗaukar ɗanyen ganye wajen miligiram 20, a haɗa da ganyen tsiron da aka riga aka san girmansa, misali tumatir, wanda cibiyarsa ke ɗauke da DNA mai nauyin fikogiram 1.96 (fikogiram kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na giram). A zuba mililita ɗaya na ruwan sinadari mai sanyi, a daddatsa su tare da sabuwar reza. A tace da rariyar nailon mai ƙofofin maikiron 30 zuwa 50, a sa sinadarin da ke narkar da RNA, ɗan uwan DNA da ke cikin tantani, a sa rinin furofidiyam ayodaid, kowanne maikirogiram 50 a mililita. Na'urar filo-saitomita tana wuce da cibiyoyin ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, ta auna ƙyallin kowacce, a ƙirga aƙalla 5,000. Idan ƙyallin samfurin ya ninka na tumatir sau uku, yana da fikogiram 5.88. A raba biyu, tunda kwafi biyu ke cikin cibiyar, a ninka da miliyan 978, wato harufan da ke cikin fikogiram ɗaya: wajen biliyan 2.9 ke nan.

Reza mai dakushi tana farfasa cibiyoyin, sakamakon ya cika da ɓaraguzai. Idan aka manta da narkar da RNA, rinin zai kama shi ma, adadin ya hau. Ganye mai ɗaci ko ja yana ɗauke da sinadaran da ke hana rini kama DNA, adadin ya sauka. Dalilin da ya sa dole a daddatsa samfuri da ma'auni a kwano ɗaya ke nan, don abin da ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Ganye mai yauƙi irin na kuɓewa yana toshe rariya. Wani rinin kuma mai suna DAPI ya fi son A da T, don haka yana karkatar da awo. Tsohon adadin nan na biliyan 670 da ake jingina wa wata amiba, halitta mai tantani ɗaya, wanda har yanzu ke yawo a intanet, an same shi ne a shekarun 1960 ta hanyar auna DNA na tantanin gaba ɗaya, har da na abin da ta haɗiya, kuma masana ba sa dogara da shi.

Ga ɗaliban jami'a masu shirin karanta kundin amfanin gona, a auna girman kafin a rubuta kasafi. Idan ana son karanta kowane harafi sau 30, shinkafa mai miliyan 390 za ta buƙaci harufa wajen biliyan 12, albasa kuwa biliyan 480, kuma maimaicin da ke cikinta zai wahalar da kwamfutar da za ta harhaɗa guntayen.

Mun gode da wannan fili.

Daga wasu malaman ilimin halittu