Kar A Ba 'Yan Gwangwan Tsohuwar Kyamarar Baba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ina gaishe ka da aiki kai da abokan aikinka. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana na Kebbi da Zamfara kan tsofaffin kyamarori masu fim da ke kwance cikin akwati da kwaba a gidajenmu. Yanzu yara sun fara tono su, wasu don gayu wasu don su ga ko tana ɗauka, wasu kuwa ɗan gwangwan ya zo wucewa a miƙa mishi a amshi kuɗin da ko katin waya ba su saye. Na yi yaron shago wurin mai hoto ina saurayi, kuma wallahi yawancin kyamarorin ga ba ajiya ke kashe su ba, ranar da anka fiddo su ake gamawa da su.

Kar ka yi gaggawar buɗe bayanta. Juya ɗan hannun naɗe fim da ke sama a hankali, in ka ji da tauri to akwai fim ciki, ka naɗe shi duka ya koma gwangwaninshi tukuna, don haske na taɓa shi shikenan, kuma wa ya sani ko bikin mahaifiyarka ne a ciki. Zafi na cinye fim mai kala, amma na baƙi da fari yana jure shekaru.

In hannun jan fim gaba ya ƙi motsi kar ka nuna mishi ƙarfi. Canon AE-1 da ta fito a 1976 ko ƙas ba ta yi sai da batir mai volt 6, mutum ya ce ta mutu alhali batir kawai take jira. Pentax K1000 kuwa ba ruwanta, tana ɗauka ko babu batir, mitar auna haske kaɗai ke cin wuta, haka Yashica mai ido biyu wadda ake leƙawa ta sama, mai hoto 12 a fim guda. Duba ramin batir, in ka ga farin gari ko kore ya kama, ɗan auduga a tsinke da ruwan khal ko na lemun tsami kaɗan na cire shi. Irin su Olympus OM-1 batir ɗinsu na asali mai volt 1.35 ne kuma an daina yin shi, na yanzu 1.5 ne, mita za ta riƙa yi maka ɗan kure.

Mai kuma, don Allah a bari. Na ga wadda anka ɗura ma man keken ɗinki wai ta yi laushi, man ya bi ya jiƙa ganyayen da ke tsuke haske cikin gilashi sunka manne, ko mai gyaran agogo sai da ya girgiza kai. In ka tabbata babu fim, buɗe baya ka fuskanci taga ka riƙa dannawa a kowace lamba ta saurin ɗauka tun daga 1000 har zuwa 1. A kan 1 ya kamata ƙofar shigar haske ta buɗe daƙiƙa guda cif ta rufe, in tana jan ƙafa tsohon giris ne ya daskare, wani lokaci yawan dannawar ma na sake shi.

Inda zafinmu na Maris da Afrilu ya fi ɓarna shi ne baƙin soson da ke zagaye da ƙofar baya. Taɓa shi da yatsa, in ya narke ya manne maka to haske zai riƙa shiga, hoto ya fito da jan layi a gefe. A kankare shi da tsinken sakace da sifirit, a cusa baƙin zaren ulu cikin ramin, ya wadatar. Gilashin gaba kuma haska shi da tocilan waya, in ka ga abu kamar saƙar gizo a ciki fumfuna ce, ta fi kama na mutanen bakin ruwa irin Yawuri da Argungu saboda laimar damina. Ƙurar hunturu a fara hure ta, kar a goge da bakin riga, yashi ne zai karce gilashin. Madubin ciki ko yatsa kar ya kai.

Fim ya yi tsada, wurin wanki sai an aika nesa, na sani. Saboda haka a gwada da guda mai hoto 24 ko 36 a tsakar gida, kar ranar ɗaurin aure ta zama ranar gwaji. In za a mayar ajiya a cire batir, a raba ta da jakar fatarta don fata na riƙe laima.

Roƙona gare ka Malam Edita, tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kundinta na al'adun gargajiya a 2016, kuma masu hoton garuruwanmu sun yi shekaru suna tsayawa bakin kogin Matan Fada da irin kyamarorin ga. Nagetif ɗinsu, wato wankakken fim da ake fitar da hoto daga gare shi, na nan cikin kwalaye gara na ci. Ka tura wakilinku Birnin Kebbi da Jega da Gusau da Ƙauran Namoda ya nemo dattawan da sunka rage a sana'ar, ya ji wa ke iya gyara har yanzu, ku buga mana mu san inda za mu kai namu.

Naku,
Mai karatu daga Argungu, Jihar Kebbi