Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan Henry Ford

Assalamu alaikum. Ɗana, ina fata kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji. Mu nan sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, inda ka ce Henry Ford ne gwaninka, kuma sawunsa kake son bi wajen faɗaɗa sana'arka. Ban ga laifinka ba. Ɗan manomi ne daga jihar Michigan ta Amurka, ya kafa kamfaninsa na ƙera motoci a 1903, ya fito da motar Model T a 1908, lokacin da mota sai attajiri. A 1913 ya sa aka riƙa jan mota a kan layi, kowane ma'aikaci yana tsaye wuri ɗaya yana ɗaura abu ɗaya, sai aikin haɗa mota ɗaya na awa 12 ya koma awa ɗaya da rabi. Motar dala 850 ta dawo ƙasa da 300, har manomi ya iya saye. Wannan basira ka ɗauke ta.

Amma ka ji sauran labarin. Aikin layin ya gallabi mutane suna ta gudu, shi ne a 1914 ya ninka lada zuwa dala 5 a rana. Sai dai ƙarin yana da sharaɗi: ma'aikatan bincikensa suna shiga gidan mutum su duba tsaftar ɗakinsa, su tambayi ko yana shan giya, ko yana ajiyar kuɗi, har zamansa da matarsa. Wanda bai yi musu ba, ya rasa ƙarin. A 1937 'yan barandansa, ƙarƙashin Harry Bennett, shugaban masu tsaron kamfanin, suka lakaɗa wa shugabannin ƙungiyar ƙwadago duka a ƙofar masana'antarsa ta River Rouge, masu ɗaukar hoto na kallo. Kai ma kana da yara a hannunka. Kuɗin da kake ba su na guminsu ne, bai sayi mutuncinsu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jaridarsa, Dearborn Independent. Daga 1920, mako bayan mako, tana ɗora wa Yahudawa alhakin yaƙe-yaƙe da duk wata ɓarna, bisa takardun da aka tabbatar na jabu ne, kuma dillalan motocinsa ne ke raba ta. Sai da aka maka shi kotu ya nemi afuwa a 1927 ya rufe ta, alhali an riga an fassara rubuce-rubucen zuwa Jamusanci. A 1938 ya karɓi lambar girma daga gwamnatin Hitler. Ƙazafi ne ga al'umma sukutum, daga bakin mutumin da ake gaskatawa don kawai ya iya ƙera mota. Ka tuna wannan kafin ka tura wani saƙon WhatsApp da ke zagin wata ƙabila.

Ni a ganina nasara ce ta toshe masa kunne. Ɗansa tilo, Edsel, ya daɗe yana roƙonsa a sauya Model T don kasuwa ta juya, uban yana dizga shi gaban ma'aikata. Edsel ya rasu a 1943 yana da shekara 49. Wannan ya taɓa ni a matsayina na uba. Idan babban yaronka ya ce maka gyaran nan ba haka ba ne, ka ajiye sifana ka saurare shi, ko da gaban mai mota ne.

Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce ku kawo mata jikokinta da sallah. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.