Takardar izinin muhalli ba ta masu hannun jari kaɗai ba ce

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan yadda masu zuba jari ke rawar jiki duk sanda aka ce za a haƙo ma'adinin taki. Ku duba aikin haƙar potash, wani ma'adinin taki, na Autazes a Brazil, shekara da shekaru ana shari'a kan lasisin muhalli saboda ƙabilar Mura da ke zaune a wurin, su kuma masu hannun jari ba abin da ya dame su sai yaushe za a sa hannu farashi ya tashi, jita-jita kawai ta isa wani ya zuba kuɗinsa.

Taki kam muna so wallahi, tambayi manomin masara a Saminaka ko Giwa nawa yake sayen buhu yanzu. Ga fosfat, shi ma ma'adinin taki ne, kwance a Sakkwato amma tun 2016 daga Maroko muke jigilarsa, kamfanin Superphosphate na nan Kaduna kuma ya daɗe da durƙushewa, abin da ciwo. To amma ranar da za a fara haƙa namu kar a bari gaggawar masu kuɗi ta tura Ma'aikatar Muhalli ta sa hannu ido rufe. Dokar muhalli ta 1992 ta ce sai an binciki illar aiki ga ruwa da gonaki an kuma ji ta bakin jama'a. Ba mu manta gubar dalma a Zamfara a 2010 ba, yara sama da 400 suka rasu. A fassara rahoton binciken da Hausa, a karanta wa mutanen ƙauyukan a gaban hakiminsu kafin a ba kowa izini.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna