Wasiƙa daga Tawa: ni da Inna da allurar wata uku

Ƙawalliya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Kwatano, ina maigidan da yaran? Na san kin cika kin batse, wata biyu ke nan da kika yi tambaya kan cukun nan, ni kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ki yi haƙuri, jego ne ya riƙe ni, da na fita jego kuma na faɗa rigima.

Na yi allurar tazarar haihuwa, ta wata uku. E, ni ɗin nan da nake yi miki wa'azi a ƙofar lakwal. Dariya kike, na sani, Allah ya isa.

Ke shaida ce kan abin da ya same ni a goyon fari. Yarinya tana wata bakwai ciki ya shiga, aka yaye ta ba shiri, ta yi ta gudawa har wuyanta ya zama kamar zare, mata suna zunɗe na a gidan biki wai mai kwanika. Ban manta ba. To ga shi baban su ya ce zai taso daga Abijan kafin ruwa ya sauka, don noma. Kwana biyu bayan arba'in, ranar da na kai mai sunan Baba rigakafi, na tsaya wajen ungozomar likita. Na ce mata ai an ce shayarwa tana hana ciki. Ta ɗaga yatsu uku: yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, shi ke nan. Sai ta ce, "Ana ba shi ruwa?" Na sunkuyar da kai. Inna tun ran suna take ɗura masa ruwa da cokali, wai zafin Adar ba a yi masa wasa.

Abin da nake tsoro shi ne nono ya ƙafe. Ta ce wannan maganar daga ƙwaya mai sinadari biyu ta samo asali, ita ce ke iya rage nono, shi ya sa ba sa ba mai shayarwa sai yaro ya wuce wata shida. Allurar kuwa sinadari ɗaya ne a ciki, ba ya taɓa nono, kuma daga sati shida da haihuwa ana iya farawa. Ta ajiye mini biyu in zaɓa, Depo da ake yi cikin tsokar dantse, da wata 'yar mitsitsiya, Sayana Press. Ke, kamar kayan wasan yara! Ɗan kumburin roba ne da gajeren tsinke a baki. Shi na zaɓa, ta girgiza shi, ta tattaro fatar cinyata da yatsu biyu, ta soka ta matse a hankali. Ina shirin ihu ta ce an gama, sai bayan sati 13. Ko dala ban ba da ba, ashe tun 2006 kayan tazarar haihuwa kyauta ne a likitar gwamnati. Kuɗin kabu-kabu kawai na kashe.

Af, kin ji mutuniyarki ta kwashe adashi ta yi Agadas? Har da zubin Hajiya. Ranar an yi kallo a unguwa, zan ba ki wannan a waya, takarda ba za ta ɗauka ba.

To, Inna ta ga katin allurar a ƙarƙashin katifa. Ba ta iya karatu ba, amma ta san launinsa. Daga ranar duk kukan da yaro ya yi, allura ce. Ya yi tumbuɗi, allura. Rannan da hantsi ta sa na tatsa nono a murfin kwano, ta kamo tururuwa ta jefa ciki, wai in ta mutu nonon ya ɓaci. Muka tsuguna mu uku har da ƙanwar mijina muna kallo. Tururuwa ta yi iyo ta yi iyo, ta kama bakin murfi ta fice abinta. Inna ta ce wannan mai taurin rai ce, a kamo wata! Wallahi sai da na shiga ɗaki na toshe baki da zani. Ba na ganin laifinta sosai, goma ta haifa ta binne huɗu, duk abin da zai taɓa jika tsoronsa take. Ranar awo na ja ta muka tafi tare. Aka rataya shi a sikeli yana ta harbin iska, kilo 6, alhali ranar allura 4 da rabi ne. Ba ta ce komai ba, amma a hanya ita ta karɓi goyon.

Abin da ke damuna yanzu daban ne. Jini. Ba mai yawa ba, ɗigo-ɗigo, yau ya zo, gobe babu, jibi ya leƙo. An gaya mini haka yake yi a watannin farko, kuma mata da yawa daga baya su daina gani gaba ɗaya, ba wai taruwa yake a ciki ba kamar yadda ake faɗa a bakin famfo. Na yarda. Amma sallah fa? Malamarmu ta ce in riƙe kwanakin da na saba, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, in yi alwala in yi sallata. Wane kwanaki, ni da rabona da al'ada tun kafin ciki? Ke da kika shekara biyu kina yi, yaya kika yi da azumi? Don Allah ki ba ni amsa, kar ki rama shirun da na yi.

Baban su da yardarsa aka yi, a waya ya ce in huta. Abin da ban gaya masa ba, in an daina ciki ba ya shiga nan take, yakan ɗauki watanni, wata ma har shekara. Kin san shi da gaggawa. Ungozomar ta kuma ce allura ba ta kare mutum daga ciwon sanyi ko sida. Ta faɗa tana kallon kati, ni ma ban ɗaga kai ba, mu matan masu tafiya mun san karatun.

Kuma kar ki soma yi mini maganar ƙiba. Rigar ankon nan ta ƙi shiga, amma kunun kanwa da kaurin jego ne, ban yarda allura ba ce tukuna.

Ga shi ya farka, Inna tana ƙwala mini kira. Ki gaishe da mai gemu, ki ce har yanzu ina bin sa tukuicin suna.

Taki har kullum,
Maman mai sunan Baba