Takardar da ba ta isa hannun masu aikin dare ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na yi shekara 34 ina kwance injin mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni a gida, nan Aboabo. Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba. Amma ɗana na biyu mai walda ne, yau shekara 4 yana tashi daga Takoradi zuwa wajen haƙar mai a cikin teku, daura da Cape Three Points. Dalilin neman fili a jaridarku ke nan.

Shi ya ba ni labarin Piper Alpha, wani dandamalin mai a Tekun Arewa, kusa da Sikotilan, domin ana karantar da su a wajen horo. Ranar 6 ga Yuli, 1988, masu aikin rana suka cire bawul ɗin tsaro daga jikin wani famfo za su gyara, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe na wucin gadi. Lokacin tashi ya yi ba su gama ba. An rubuta takarda, amma ba ta zo gaban masu aikin dare ba. Da ɗaya famfon ya tsaya, sai suka kunna wanda ake gyara. Gas ya tsiyaye, wuta ta tashi, mutum 167 suka rasu. Da yawansu hayaƙi ne ya kashe su a ɗakunan kwana suna jiran jirgi mai saukar ungulu da ba shi da wurin sauka.

Duk makaniken da ya ji wannan sai jikinsa ya mutu, don mun san shi. Ka kwance birki, a kira sallar la'asar, kafin ka dawo yaronka ya tada motar. Sai dai mu muna da ƙasar da za mu taka mu gudu.

A shekarar 2010 da muka yi murnar fara haƙo mai a filin Jubilee da ke cikin tekunmu na Ghana, a watan Afrilunta wani dandamalin haƙar mai, Deepwater Horizon, ya fashe a cikin teku daura da gaɓar Amurka. Mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. A ranar kuwa manya na kan dandamalin, sun je yaba wa ma'aikata kan shekara 7 ba tare da mummunan rauni ba. Aiki ya makara, kowace rana kuɗi ce, gwaji ya nuna alamar matsala, aka nemo mata fassara aka wuce. Amurka da dukiyarta ke nan. Mu fa? Idan mai ya malala a Axim ko Dixcove, masunta za su fara ji, daga nan mai kifin banda a kasuwar Asafo, daga nan tukunyar maiɗakina.

Ga abin da ya hana ni barci. Yaron ya ce ko'ina an manna sanarwa cewa kowa na da ikon tsayar da aiki idan ya ga haɗari. Na ce madalla. Sai ya yi dariya: "Baba, mu 'yan kwantiragi ne, ta hannun ɗan tsakani muka shiga. Babu mai korarka. Kawai dai wata mai zuwa ba za a kira ka ba." Ya taɓa ganin wayar ɗaga kaya ta fara zarewa, ya kwana biyu yana shawara da zuciyarsa kafin ya faɗa. Kwana biyu, Malam Edita!

Ina roƙon Hukumar Man Fetur ta ƙasa ta buɗe hanyar da ƙaramin ma'aikaci zai kai rahoto ba tare da sunansa ya koma kunnen wanda ya ɗauke shi ba, ta kuma riƙa bin sawun waɗanda aka daina kira bayan sun yi magana. 'Yan majalisarmu na Asawase da kewaye su tambaya a zauren majalisa, tunda 'ya'yan zango ma suna can.

Ranar Alhamis zai koma. Uwarsa ta riga ta daka masa yaji.

Naku,
Tsohon makanike,
Aboabo, Kumasi